Kwana Biyu Tanka Tana Jiran Kawu

Kawuna makaniki ne, kuma shekara uku ke nan rabonsa da ganin mota. Ciwon ido ne ya bi ganinsa a hankali, ya fara ci daga gefe kamar gara a jikin katako, har ya kai tsakiya. Da aka ce ya zauna a gida ya huta, sai ya tambaya ko likitocin sun ce kunnen ma sun karɓe. Har yau ƙarfe bakwai na safe yana gareji, a kan wata tsohuwar kujerar bas da aka jingine da bango, tsakanin ramin duba ƙarƙashin mota da rumfar mai walda. Direba zai shigo, ya kashe mota, ya ɗauko dogon bayani. Kawu zai ɗaga masa hannu.

"Tayar da ita ta faɗa da bakinta."

A tayar. Ya karkata kai, ya kasa kunne. "Ƙara mata wuta. Sake ta. Ba injin ba ne. Bel ɗin fanka ya saki, kuma fulogi na uku ba ya ci." Sauran makanikai su buɗe su tarar haka ne. Shi ya sa duk garejin Mai Kunne ake kiransa. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: a shekara talatin da biyu bai taɓa sa an cire ƙarfe mai lafiya an jefar ba. Makanikin da ke canja wannan ya canja wancan har Allah ya sa ciwon ya tsaya, Kawu ba ya kiransa makaniki. Ɗan canki-canka yake ce masa.

Wata Litinin na je wurinsa da rikoda, don wasan rediyon da nake rubutawa yana bukatar hayaniyar gareji. Na ajiye makirufo a kan bencin da ke gefensa na kunna. A lokacin ne na lura da abin da ke hannunsa: wata na'urar wasa mai faɗin tafin hannu, gilashinta duk zanen maiƙo, da iyafis guda a kunnensa na hagu. Na dama ya bar wa motoci.

"Kawu, me kake yi da wannan?"

"Kiwo."

Mai Walda ya leƙo daga rumfarsa, tabarau a goshi. Shekara talatin suna maƙwabtaka da Kawu, ba su taɓa yini ba su tsokani juna ba. "Kada ka tambaye shi, ɗan rediyo," in ji shi. "In ya fara, sai batirin rikodarka ya mutu. Tsoho da furfura yana renon dodanni a aljihu."

"Kai dai je ka haɗa ƙarfe da ƙarfe, Tartsatsi, abin da kanka zai ɗauka ke nan."

'Yarsa ta fari ce ta saya masa na'urar. Nas ce, amma shi Likita yake kiranta. Lokacin ganinsa bai gama tafiya ba, kuma layin asibitin ido yana cinye masa yini guda, ta ce ya riƙa rage zaman da shi. Ya karɓa don kada ta ji ba daɗi. Kafin wata biyu, shi yake koya mata.

"Ka yi yawo a daji," ya ce da ni, babban yatsansa yana aiki, "ka gamu da dabba, ka rage mata ƙarfi, ka jefa tarko. In ta shiga ta zama taka, ka rene ta. Masu dabbobi irinka su tare ka a hanya, a kara. To, faɗan ba irin na tasha ba ne da kowa ke kai hannu lokaci guda. Bi da bi ne. A kowane zagaye abu ɗaya tak aka ba ka: ko ka kai duka, ko ka ba dabbarka magani, ko ka janye ta ka turo wata. Ka zaɓi naka, abokin karawa ya zaɓi nasa, ba wanda ya ga hannun wani. Sai a saki. Wadda ta fi sauri ita ke fara bugu. In ka ba da magani, zagayenka ya tafi, ka sha duka kyauta. In ka yi canji, wadda ta shigo ita ke karɓar dukan da aka tanadar wa wadda ta fita."

"Kamar mai gadin da aka canja ranar da ɓarayi za su zo," in ji Mai Walda.

"Ka ga, yana ji, yana dai ƙaryar ba ya ji. Sannan kowace dabba da jinsinta. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ganye, ganye na shanye ruwa. Tsawa in ta samu dabbar ruwa ko tsuntsu ta gama da su, amma in ta faɗa kan dabbar ƙasa, ko gezau. Kuma kowane irin duka ƙidayayye ne, kamar mai a tanki. Ƙananan duka ka yi ta yi, manya kuwa sau biyar ne, ya ƙare."

Na tambaye shi yadda yake sanin abin da ke faruwa, tunda duk a rubuce yake a gilashi. Sai ya ɗauki ɗaya iyafis ɗin da ke reto ya laluba ya sa mini a kunne. Ni dai kiɗa na ji, da wasu ƙananan ƙararraki kamar an saki tsuntsaye a shagon agogo. Shi kuwa ya riƙa fassara mini su ɗaya-ɗaya. Kowace dabba da kukanta, ya san fiye da ɗari. Dukan da bai kama ba yana da sauti sako-sako, wanda ya kama daidai yana da nasa, wanda ya yi mugun tasiri kuma kamar an rufe ƙofar tirela. In jinin dabbarka ya kusa ƙarewa, ƙararrawa ce ke tashi irin ta mota mai ja da baya. In ta faɗi, na'urar ta yi girgiza a tafin hannu. Shekara ashirin ina cin abinci da sauti, amma ran nan na ji kamar yau aka huda mini kunne.

"Ka san abin da ya sa na riƙe shi?" ya ce yana karɓar abinsa. "Yana jira. Titi ba ya jirana. Mai ba da canji ba ya jirana. Ko kofin shayi in na ajiye, wani ya matsar. Wannan kuwa, in bar shi a tsakiyar faɗa in je in saurari tirela, in dawo, abokin gabar yana nan tsaye baki buɗe, bai motsa ba sai na ce."

Wata doka gare shi wadda wasan bai ɗora masa ba. A wasan, dabbar da ta faɗi ana kai ta asibiti ta tashi garas. Kawu ba ya kaiwa. Wadda ta faɗi ya sallame ta, har abada. "Gaskit ɗin injin da ya ƙone ba a mayar da shi," in ji shi. "Kuma direban da ya san za a tayar masa da matacce ba ya kula da tuƙi."

Dabbobinsa duk sunan kayan mota ya raɗa musu. Akwai Salansa mai fesa wuta, da Fanka tsuntsuwa, da Birki, wata dabbar ƙasa mai nauyin jiki. Sannan akwai Tanka, dabbar ruwa. Ita ce ta farko da ya samu, a kan bencin asibiti, ran da aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido. Duk sauran da ya kama yana gani dokarsa ta cinye su, waɗanda suka zo daga baya kuwa kukansu kawai ya sani. Tanka kaɗai ta rage wadda ya san kamanninta. In yana siffanta ta, muryarsa sauka take yi: 'yar duƙurmusa ce, ruwan toka, ƙafa huɗu gajeru, baki irin na agwagwa, da ɗigon ja a goshi wanda bai zauna daidai tsakiya ba.

A safiyar Litinin ɗin yana karawa da mai tsaron wata ƙofa a kan dutse, irin faɗan da ba a gudu. Ya kayar da dabbobin mutumin duka sai ɗaya, wata mai tsawa, mai saurin tsiya. Ita kaɗai ta kayar masa da Salansa, ta bar Fanka da ɗan jini kaɗan. Ina kallon leɓunansa suna motsi, yana ƙidaya. Daidai lokacin da ya danna, Mai Walda ya kunna injin yankan ƙarfe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin nan ya san ba ya barin komai a kunne. Kawu ya ɗaga murya: "Tartsatsi! Kashe! Kashe, don Allah!" Kafin injin ya yi shiru, na'urar ta riga ta girgiza a hannunsa. Fanka ta faɗi. Ya turo Tanka fili, ƙararrawar jini ta tashi nan take, don ita ma ta sha wuya a karawar baya. Sai ya tsaya. Ya sa aka jona na'urar da batirin wata motar da ta kwana biyu a gareji, ya ɗora ta a kan kantar garejin, ya ce duk wanda ya taɓa ta ya nemi wani garejin. Ni na naɗe kayana na tafi, ina zaton kafin azahar ya gama.

Ran Laraba da rana Likita ta kira ni. "Kai, mai surutu a akwati, wannan rikodar taka tana nan da abin da ta ɗauka? Kawunka ya ce ka kawo ta. Kwana biyu ke nan ko abincin kirki ba ya ci."

Na tarar da su su uku a gaban kantar. Likita tana sanye da fararen kayan aiki, kular abinci a hannunta ba a buɗe ba. Ita ce ta karanta masa lambobin gilashin, ita ce kuma ta warware mini matsalar, don ta ji ta har ta haddace.

"Tanka jininta ashirin da huɗu ya rage, magani ya ƙare. Waccan abar duka biyu gare ta, tsawa da cizo, kuma ita za ta fara bugu. Cizo ba ya wuce ashirin da biyu a jikin Tanka, za ta sha ta tsira, ta rama, kuma duka ɗaya ya ishi waccan. Amma in tsawa ce, Tanka ta tafi."

"Tsawar sau biyar ce," in ji Kawu. "Na ji huɗu da kunnena. Wanda ya kayar da Fanka ne ban ji ba, albarkacin wannan bawan Allah. In tsawa ce, ta ƙare. In cizo ne, saura ɗaya tana jiran Tanka. Kuma gilashin ba ya nuna abin da ya rage wa abokin gaba."

"Na ce ka yafe mini, Mai Kunne, sau nawa zan faɗa? Ƙofar mutane nake yankawa, ban san ana yaƙin duniya a aljihunka ba."

"Ni na gaya wa Baba hanya mai sauƙi," in ji Likita. "Ya janye Tanka ya turo Birki. In tsawa ce ta faɗa kan Birki a banza, ta ƙare. Daga nan a ciji Birki ya faɗi, don shi ma jininsa bai kai ya kawo ba. Tanka ta dawo fili ba tare da an taɓa ta ba, ta sha cizo ɗaya, ta gama aiki. Ko ta yaya Tanka ta tsira."

"Birki kuma ya tafi ko ta yaya."

"Baba, Birki ko ganinsa ba ka taɓa yi ba!"

"Shi ya sa zan jefar da shi? Lafiyarsa ƙalau, bai yi mini laifin komai ba, in miƙa shi don ni ban san ciwon motata ba? Shekara talatin da biyu ban yi ba, sai yau?"

"To kashe na'urar ka kunna," in ji Mai Walda. "Ai komawa take yi kafin faɗan. Wa ya gani? Ni zan juya baya, kai kuma dama ba ka gani."

Kawu ya yi dariya har da tari, amma ya girgiza kai. Ya miƙo hannu wajen da yake jin numfashina. "Kawo rikodar."

Na gaya masa gaskiya. Na riga na saurari wurin a ofis, har mai haɗa mana sauti ya tace shi. Sautin wasan bai shiga ba ko kaɗan, tunda a cikin kunnensa yake. Injin ne kawai, da ihunsa.

"Ba wasan nake nema ba," ya ce. "Yatsana nake nema."

Muka dubi juna. Ya yi mana bayani kamar masu koyon sana'a. Bayan kowane duka rubutu ne ke fitowa layi-layi, kuma sai ka danna kafin layi ya wuce. Cizo layi biyu ne: an ciji dabbarka, dabbarka ta faɗi. Tsawa a kan tsuntsu layi uku ne, don ana ƙara wanda ke cewa dukan ya yi mugun tasiri. Yatsansa ya saba dannawa har sai ya ji girgiza, ko da bakinsa na wani aikin. Makirufona kuma taku ɗaya yake daga hannunsa.

Na sa masa manyan abin sauraro da suka rufe kunnuwa biyu. Mai Walda ya fita tsakiyar gareji ya buga tafi. "Kowa ya ajiye guduma! Mai Kunne zai saurara!" Ban taɓa jin garejin nan ya yi shiru da rana ba. Wani direban tasi da ya shigo yana hon, aka yi masa nuni, ya kashe mota ya fito a kan yatsun ƙafa bai ma san dalili ba.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne wurin. Ya ce in mayar. Na mayar. Ya ce in sake. A karo na huɗu ya ce in rage ƙarar, ba in ƙara ba. A na shida na ga babban yatsansa na dama yana motsi a kan gwiwarsa, shi kaɗai. Ɗaya. Biyu. Ya daɗe a sama. Uku.

"Na ukun yana ƙarƙashin 'don Allah' ɗin da na ce," ya faɗa yana cire abin sauraron. "Tsawa ce. Ta ƙare."

Na sa a kunnena na saurari wurin sau uku. Wallahi ban ji komai ba sai ƙarfe yana kuka.

"Baba, in kuskure ne fa?"

"In kuskure ne, Tanka ta tafi, Birki ya bi ta, ni kuma in san kunnen ya fara bin idon. Ko daidai ne ma, wani lokaci cizo kan zo da sa'a ya ninka. Wannan ba a hannuna yake ba. Miƙo min ita."

Ya zare iyafis ɗin daga jikin na'urar don kowa ya ji. Ƙararrawar da ta kwana biyu tana bugawa ta cika wurin. Ya yi bismilla, ya matsa sau ɗaya zuwa dama, ya danna.

Wani sauti ya fito, gajere, ƙaras. Likita ta dafe baki tana kallon gilashi. "Cizo ne! Baba, cizo ne! Yana sauka... goma... shida... uku. Ya tsaya! Uku!"

Sai muka ji kamar an rufe ƙofar tirela, wata dabba ta yi kuka mai tsawo ta yi shiru, kiɗa ya canja. Mai Walda ya jefa tabaransa sama. Direban tasin ya fi kowa ihu, sannan ya juyo yana tambaya wa ya ci.

Ana cikin haka wani kiɗan ya taso, mai hawa a hankali, wanda ban ji ba ran Litinin. Likita ta daina dariya.

"Baba, ta fara. Danna na ƙasan."

Ta juyo ta gaya mini da sauri: dabba in ta ci faɗa ta kai wani matsayi, rikiɗa take yi ta zama babba, siffa da murya duk su canja. Akwai madannin da ke hanawa. Shekara uku Tanka tana neman rikiɗa, shekara uku Kawu yana dannawa, don kada kamannin da ya sani su tafi.

Yatsansa yana kan madannin. Kiɗan yana ta hawa.

"Baba, za ta wuce fa!"

"Da na bar ta tun bara," ya ce a hankali, "da tsawa ɗaya ba ta isa ta kayar da ita ba. Kwana biyu tana tsaye a bakin rami saboda idon da ma babu shi."

Ya ɗage yatsan ya ɗora a gwiwa.

Kiɗan ya kai ƙarshe ya fashe. Sai wani kuka ya fito daga 'yar na'urar nan, mai kauri, mai zurfi, kamar babbar mota tana hawa gada da kaya. Kawu ya karkata kai irin yadda yake yi wa injin da bai taɓa ji ba. Ya saurare shi har ya ƙare.

"To," ya ce. "Ku gaya mini. Ɗaya bayan ɗaya, kada ku haɗa baki."

"Ta yi girma, Baba. Ta miƙe a kan ƙafa biyu. Shuɗiya ce yanzu, mai duhu, da wani abu kamar sulke a kafaɗa."

"Wane sulke?" in ji Mai Walda, ya kusa cusa hancinsa a gilashin. "Bamba ce. Bambar tirela ce sak, har da wurin ɗaura lamba. Kuma wanda ya yi waldar ya iya aiki."

"Baffa, kai komai ƙarfe ne a wurinka. Fuka-fukan ninƙaya ne."

"Ɗan rediyo, kai me ka gani?"

Na duba, na sake dubawa, na ce ni dai na ga kamar tana murmushi. Likita ta ce wannan ba murmushi ba ne, haƙora ne. Kawu ya jawo kular abincin ya buɗe, ya ce a bar shi ya ci tukuna, sannan a sake farawa daga ƙafafu, kuma wannan karon Tartsatsi ya yi shiru sai an zo kansa.